Tambaya da Amsa: Kasafin Ciyaman ya daidaita a takarda, amma ina kuɗin?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, kuɗin ƙaramar hukuma da yadda ake raba shi a lokacin da babu, wataƙila don lokacin kasafi ne ya zo. Na ɗauki guda biyar, wasu na rage musu tsawo saboda fili, masu su su yi haƙuri.

*Salam Baba. Ni sabon kansila ne a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin cikin birni, wannan ne karo na farko da za a kawo mana kasafin kuɗi majalisa. An raba mana takardu masu kauri, a shafin ƙarshe kuɗin shiga da kuɗin kashewa sun zo daidai cif, ko kwabo babu bambanci. Abokan aikina sun ce tunda ya daidaita mu sa hannu kawai a wuce wajen. Ni kuma raina bai kwanta ba don na san ko albashin 'yan shara ba a biya ba wata uku. Dan Allah me ya kamata in duba?*

Wa'alaikassalam ranka ya daɗe, kuma Allah ya bar maka wannan rashin kwanciyar ran. Na yi shekaru a ofishin ma'aji kafin in yi ritaya kuma ban taɓa ganin kasafin da bai daidaita a shafin ƙarshe ba, ba zai yiwu ma a kawo muku shi a karkace ba, don daidaita shi aikin minti biyar ne. Bari in gaya maka yadda muke yi, Allah ya yafe mana. Kowane sashe zai kawo buƙatarsa, na ayyuka, na lafiya, na gona, na ilimi, a tara a ga jimla, sannan a juya ɓangaren kuɗin shiga a ga bai kai ba, toh maimakon a koma a rage buƙatun sai a ɗaga kuɗin shigar a takarda har ya kamo. Akwai shekarar da da hannuna na ninka adadin kuɗin kasuwa da na tasha sau uku saboda ciyaman ya ce ba zai cire ko aiki ɗaya ba, alhali rumfunan nan su ne dai na bara, tashar ma ita ce, ba a ƙara ko mota ɗaya ba. Aka karanta a majalisa aka tafa.

Saboda haka kar ka fara da shafin ƙarshe, kuma kar ka fara da jerin ayyuka duk da na san can idonka zai tafi don neman sunan mazaɓarka. Ka fara da kuɗin shiga. Ka ce ma'aji ya kawo muku abin da ya shigo na zahiri bara da bara waccan, wata bayan wata, abin da ya faɗa asusu, ba abin da aka yi hasashe ba. Sai ka ɗora shi kusa da abin da aka rubuta na bana. In bara, misali, miliyan 40 aka tara na cikin gida bana kuma an rubuta 150, ka tambaya a zauren majalisa a gaban kowa: wace sabuwar kasuwa aka gina? In babu amsa, wannan miliyan 110 ɗin gibi ne da aka yi wa kwalliya.

Abu na biyu shi ne wanda ka riga ka gano da kanka, 'yan sharan nan. Mutane suna ɗauka gibi sai an je banki an ci bashi. A ƙaramar hukuma yawanci ba haka yake zuwa ba, gibin kan mutane ake ɗora shi. Mai shara da ba a biya ba wata uku ya ranta wa ƙaramar hukuma kuɗi ba tare da an nemi izininsa ba, haka ɗan fanshon da ke jiran giratuti, haka ɗan kwangilar da ya gama kwalbati shekara biyu baucarsa na cikin durowa, haka mai gidan man da ake ɗibar dizal a wajensa da takarda. Ka nemi a kawo jerin duk waɗannan basussukan da adadinsu, a sa su a kasafin a matsayin abin da za a fara biya, ko da kashi kashi ne. Za a ce maka wai na gwamnatin baya ne. Bashin hukuma ba ya bin ciyaman gida ranka ya daɗe, yana nan a sakatariya.

Sannan ka raba kashe kuɗin gida uku a ranka. Akwai na dole, albashi da fansho da abin da ake yankewa tun daga sama. Akwai na riƙe abin da ake da shi, gyaran burtsatse, yashe kwata kafin damina, man motar kwasar bola, maganin asibitin sha ka tafi. Sai sababbin ayyuka. In kuɗi ya yi ƙasa, na tsakiyar nan ake fara yankawa saboda ba a ƙaddamar da yashe kwata da kiɗa, ba a kafa allo da hoton kowa a jikinsa, ni kuma a ganina shi ne na ƙarshe da ya kamata a taɓa. Famfon da ƙaramin gyara zai tashe shi in aka bar shi shekara biyu sai an haƙa sabo, kwatar da ba a yashe ba a watan Mayu ita ce za ta ci katangar makaranta a watan Agusta. Sabon ginin ofishi da sababbin motoci da bita a otal a wani gari, waɗannan su jira, ba wanda zai mutu.

Ba lallai ka ci nasara a bana ba, kai kaɗai ne kuma sabo. Amma ka sa a rubuta tambayoyinka a cikin bayanan zaman.

*Malam ni malamar firamare ce. Kullum muna ji a rediyo wai tunda aka cire tallafin mai kuɗin da ake rabawa a Abuja ya ƙaru sosai, har ana cewa ya ninka. To me ya sa har yanzu in an tashi zancen ƙarin girmanmu da kuɗin hutu sai a ce babu kuɗi? Ko ƙarya ake mana?*

Malama ba ƙarya ba ne gaba ɗaya kuma ba gaskiya ba ce gaba ɗaya. Adadin nairar ya ƙaru ƙwarai tun bayan da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, saboda kuɗin mai da dala yake shigowa, in aka canza shi a sabon farashi sai ya zama naira mai yawa. Amma ki tuna litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Tukunyar ta ƙaru amma mudun ma ya yi tsada, kin fi ni sani tunda ke kike cefane.

Kuma albashinku na malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, a wurare da yawa shi ne kaso mafi girma, shi ya sa ƙarin albashi ya fi dukan ƙaramar hukumar birni mai makarantu da yawa fiye da ta ƙauye. Ki duba Abuja ma, malaman firamare sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 saboda ƙananan hukumomin birnin tarayya guda shida ba su aiwatar da sabon albashin ba, a gindin inda ake rabon kenan.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne hanyar da kuɗin ke bi. A tsarin rabo ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Amma sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, kuma a nan ne ake yanke na malamai, na fansho, na masarauta, na ayyukan haɗin gwiwa da gwamna ya zaɓa, abin da ya isa sakatariya wani lokacin daga albashi sai ɗan abin gudanarwa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye kuma kantomomin riƙo ba su da hurumin karɓa. Hukunci ya fito, aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Shawarata ku ce ƙungiyarku ta daina tambayar "akwai kuɗi ko babu", ta tambayi lamba biyu: nawa aka rubuta wa ƙaramar hukumarku a rabon wata, wannan ana wallafa shi kowa na iya gani, kuma nawa ya iso. Tazarar da ke tsakani ita ce za ta nuna muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa, don sau da yawa kuna zagin ciyaman alhali shi ma ɗan kallo ne.

*Baba ina da rumfa a kasuwa. Bana an ninka mana kuɗin rumfa, ga na shara, ga na allon shago, ga masu zuwa da rasit kala kala kullum. Sun ce wai hukuma ce ba ta da kuɗi. Mu ne za mu cike musu?*

Wani ɓangare eh, kuma doka ta ba su, kasuwa da tasha da mayanka da harajin gine gine duk suna cikin abin da kundin tsarin mulki ya lissafa wa ƙaramar hukuma a jadawali na huɗu. Kakanninmu ma da haraji da jangali aka riƙe baitulmalin En'e, har aka gina makarantu da asibitoci, kafin gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna su soke su bayan sun hau mulki a 1979 saboda zaluncin da ke cikin karɓar, kuɗin mai kuma ya sa kowa ya manta da zancen.

Amma ninka kuɗin rumfa a shekarar da ciniki ya mutu lalaci ne. An zo wajenka ne don kai ba ka iya guduwa, rumfarka na nan. Kafin a ƙara wa wanda yake biya sai an fara toshe ɓarakar da ke tsakanin hannunka da asusu. Na taɓa bin wani mai karɓar kuɗi ranar kasuwa ba da saninsa ba, littafin rasit biyu ne a aljihunsa, ɗaya namu mai lamba ɗaya kuma wanda ya buga da kansa a cikin gari, tambari iri ɗaya, launi iri ɗaya, in ya yanki ɗaya daga namu sai ya yanki uku daga nasa. Da muka kai rahoto sai aka ce yaron wane ne, aka mayar da shi wata kasuwar. Sannan ga manyan filaza da gidajen biki da gidajen haya masu hawa uku da ba wanda ya taɓa tunkararsu da takarda.

Ku haɗu a ƙungiyance ku ce za ku biya amma da sharaɗi: takarda ɗaya a shekara mai ɗauke da komai, biya ta banki ko POS zuwa asusun hukuma ba hannu da hannu ba, kuma a rubuta abin da za a yi wa kasuwar da wani kaso na kuɗin, ko banɗaki ne ko fitila ko mai gadi. Legas ba da son ranta ta koyi tara kuɗin cikin gida ba, a 2004 gwamnatin Obasanjo ta riƙe kason ƙananan hukumominta saboda sababbi 37 da Tinubu ya ƙirƙira lokacin yana gwamna, ba a saki kuɗin gaba ɗaya ba sai zamanin 'Yar'aduwa a 2007. Ba wai ina cewa kasuwarku Legas ce ba.

*Ni ɗalibi ne, muna gardama da abokaina. Na ce gari guda zai iya karyewa kamar yadda ɗan kasuwa ke karyewa, suka ce ba zai yiwu ba tunda gwamnati ce. Wa ya fi gaskiya?*

Kai ka ci gardamar ɗana, ka je ka karɓi shayinka. A Amurka doka ta yarda birni ya je kotu ya ce ya kasa biyan bashi, kuma mafi girma da aka yi shi ne na Detroit, garin ƙera motoci, ranar 18 ga Yulin 2013, da bashin da ya kai wajen dala biliyan 18. Abin da nake so ka lura da shi ba ranar ba ce, yadda aka kai ga ranar ne. A 1950 garin na da mutum kusan miliyan 1.8, lokacin da ya karye sun koma wajen 700,000, masana'antu sun tashi, masu hali sun koma bayan gari da harajinsu, amma tituna da bututun ruwa da fitilu da fanshon ma'aikatan da aka ɗauka don hidimar mutum miliyan biyu duk suna nan sai an biya. Maimakon a rage buri daidai da aljihu, sai aka riƙa cin bashi ana biyan hidimar yau da kullum, har a 2005 da 2006 zamanin magajin gari Kwame Kilpatrick aka ranto wajen dala biliyan 1.4 don a cike ramin asusun fansho, wato an ci bashi don a biya bashi. Shi kansa daga baya kotu ta ɗaure shi shekara 28 kan cin hanci. Kowace shekara takarda na nuna an daidaita, a titi kuma kashi 40 cikin ɗari na fitilu ba sa kamawa.

Da abin ya fashe gwamnan jihar Michigan ya naɗa wani lauya Kevyn Orr ya karɓi ragamar kuɗin garin, zaɓaɓɓu suka koma gefe, aka fita daga kotu a Disambar 2014 bayan an yafe wajen biliyan 7. Wa ya biya? Masu ba da bashi sun yi asara, amma tsofaffin ma'aikatan gari ma an yanke musu kashi 4.5 na fanshonsu an kuma cire musu ƙarin tsadar rayuwa na shekara shekara, mutanen da ba su ci ba ba su sha ba. Har zanen da ke gidan adana kayan fasaha na garin an yi maganar sayarwa, sai da gidauniyoyi da gwamnatin jiha suka tara kuɗi aka cece su.

A Ingila kuma salon daban ne, doka ta hana majalisar gari kashe abin da ba ta da shi, in babban jami'in kuɗi ya ga ba za a iya daidaitawa ba sai ya fitar da sanarwar da suke kira ta sashe na 114, a tsayar da duk wani sabon kashe kuɗi in ba na dole ba. Birmingham, birni na biyu a ƙasar, ta yi haka a Satumbar 2023. Babban dalili bashin da aka ƙiyasta a lokacin zai iya kai fam miliyan 760 ne na mata ma'aikata, masu shara a ofis da masu dafa abinci da masu taimaka wa malamai, da aka daɗe ana biyan su ƙasa da maza masu aiki daidai da nasu, ga kuma sabuwar manhajar lissafi da ta lashe kuɗi ninkin ba ninkin. Aka ɗaga harajin gidaje kusan kashi 10 a shekara ɗaya, aka rage hasken fitilun titi, aka shiga sayar da kadarori, a 2025 kuma masu kwasar bola suka shiga yajin aiki har shara ta kai tan 17,000 a titi. Turai fa.

Mu a nan ba mu da kotun da ƙaramar hukuma za ta je ta ce ta karye, kuma girant, wato kason da ake rabowa daga Abuja, na zuwa duk wata ko yaya yake, shi ya sa abokanka suke ganin ba ta karyewa. Ka kai su ofishin fansho ranar tantancewa su ga dattawa a layi da fayil a hammata, ko ka tuna musu 2015 da 2016 da farashin mai ya faɗi, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi wata da watanni har sai da gwamnatin Buhari ta ba su tallafin ceto, ma'aikatan ƙananan hukumomi a wasu wurare rabin albashi suka riƙa karɓa.

*A taƙaice Malam, tunda albashi ne ke cinye komai, me zai hana a rage ma'aikata kawai?*

A fara da waɗanda babu su. Matattu da ke karɓar albashi, da mai suna biyu, da wanda ke zaune a wani gari shekara biyar sai dai alat ya same shi, tantancewa da BVN tana fito da su in har wanda ya sa sunayen ba shi ne shugaban kwamitin tantancewar ba. Bayan su sai tulin masu ba da shawara da mataimaka na musamman da kowane ciyaman ke shigowa da su. In an gama da waɗannan biyun ana iya dakatar da ɗaukar sababbi, wanda ya yi ritaya kar a maye gurbinsa sai in malami ne ko ma'aikacin lafiya. Korar ma'aikaci na gaske kuwa ba ta da arha yadda kake zato, sai ka biya shi haƙƙinsa, in ba ka biya ba ka ƙara wani bashin ne a durowa. Kuma duk lokacin da na ga an ce za a rage, daga masinja da mai gadi da mai shara ake farawa, waɗanda albashinsu su goma bai kai kuɗin man motar mutum ɗaya ba.

Mai tambaya a kan kuɗin filin maƙabarta, da hajiyar da ta turo hoton rasit ɗin kuɗin allon shago, na gani, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Hajiya ki sake turo hoton ta baya, lambar ba ta fito ba.